Hanyar Balma a kan madugu take

Tun ina yaro a Damagaram na san kantu, dogon curin gishirin nan da Buzaye ke saukewa daga raƙuma da hunturu. Muna ce masa gishirin Balma. Sai da na girma na taka garin, na tsaya a Kalala na ga ramukan da ruwan gishiri ke kwance a ciki, rana na ƙafar da shi, Barebarin wurin suna kwasa suna dannawa cikin kututturen dabino da aka rarake, su kife shi a ƙasa ya bushe. Gefe guda ga beza, farin gishirin miya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanyar, yadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuwa nan ba tare da an kafa ko turke ɗaya a ƙasa ba.

Daga duwatsun Abzin zuwa Balma akwai ɗaruruwan kilomita na Tenere, rairayi iyakar ganinka. Bayan damina ayari ke tashi da gero, da salkunan ruwa, da ɗaurin ciyawa, domin babu abin da raƙumi zai ci a tsakani. Masu bin kudu sukan ratsa ta Fachi, Buzayen Kel Ewey na Timiya su bi ta dutsen Madet da rijiyar Ashegur. A Balma a ba da gero a karɓi gishiri da dabino, sannan a gangaro ƙasar Hausa. Irin wannan ayarin ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo daga Abzin a ƙarshen 1850, ya iso Kano a farkon 1851. Sawun da ayari ya bari yau, gobe iska ta shafe shi. Wanda ya kuskure rijiya ya kai mutanensa ga halaka. Buzaye ma da sunan Hausa suke kiran jagoransu, madugu uban tafiya.

A Agadas na zauna da wani dattijo da ya daɗe yana jan ayari. Na ce, "Baba, da me kuke gane hanya?" Ya share ƙasa da tafin hannu ya fara zane da yatsa. Da rana inuwar raƙumi, da dare taurari, ga kwanciyar tuddan yashi da iskar arewa maso gabas ta jera su layi-layi, wanda ya san yadda zai yanke su ba ya ɓata. Ya ce yana ɗan yaro aka soma ɗora shi a hanyar, yana riƙe akala a baya, shekara bayan shekara, kafin a yarda ya wuce gaba.

Maganarsa ce ta sa na fahimci abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano. Can cikin kai akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, ɗaya dama ɗaya hagu, ana ce masa hifokamfus. A 1953 aka yanke wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, mafi yawansa don maganin farfaɗiya. Ya tashi yana tuna yarintarsa, amma sabon abu ba ya zama masa. A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa a sashen nan na ɓera akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai dabbar ta isa wani gurbi na musamman, kowane gurbi da nasa. May-Britt da Edvard Moser suka gano wasu a kusa da shi a 2005, masu auna tazara, su ukun suka raba kyautar Nobel a 2014. Ashe ma'ajiyar wuri da ma'ajiyar abin da ya faru ɗaki ɗaya suke.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin Eleanor Maguire a 2000. Ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su izini, ta tarar bayan hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, wanda ya fi daɗewa a aikin ya fi. Su suna da sunayen tituna da gine-gine. Madugu fa? Itace ɗaya tal aka sani a kan hanyar Fachi, shi ma mota ta kayar da shi a 1973, gawarsa tana gidan tarihi a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Farin 1973 da na 1984 sun cinye raƙuma, manyan motoci suka shigo fataucin gishiri, yanzu direba na duba na'ura ta nuna masa inda yake. Ban ƙi na'ura ba, ta ceci rayuka. Sai dai binciken da aka yi a Landan a 2017 ya nuna idan ana gaya wa mutum inda zai juya, hifokamfus ba ya tashi aiki yadda yake yi in shi ke neman hanya da kansa. Ayari yana nan bai ƙare ba, amma yaran da ke riƙe akala sun ragu, wannan yana damuna.

Ranar da muka zauna a Agadas, dattijon yana cikin jero masaukai na katse shi da tambaya. Ya yi shiru, ya mayar da yatsa kan rijiyar da ya baro, ya ambaci sunanta, sannan sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya har ya isa Balma.