Ɗab'in 3D, Batirin Litiyam da Nikel ɗin Kudancin Kaduna

Ɗab'in 3D fasaha ce ta ƙera abu ta hanyar jera sinadari shimfiɗa kan shimfiɗa, bisa zanen kwamfuta. Masana suna amfani da ita wajen inganta ilektirod, wato sassa biyun da ke adana caji a batirin litiyam.

A ƙirar da aka saba, ana shafa sinadarin ne a kan siririn fallen ƙarfe. Idan shafin ya yi kauri, ƙwayoyin litiyam kan sha wuyar ratsa shi, sai caji ya yi jinkiri. Ɗab'in 3D kuwa yana samar da ilektirod mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, yadda ruwan batir zai isa kowane lungu. A 2013, masu bincike na jami'o'in Harvard da Illinois a Amurka suka ƙera batir mai girman ƙwayar yashi da wannan fasaha.

Batun ya shafi Kudancin Kaduna. A 2016 aka sanar da gano nikel a Dangoma, kusa da Kafanchan, cikin ƙaramar hukumar Jema'a. Nikel yana cikin manyan sinadaran ilektirod na batiran motocin lantarki da dama. Cin moriyarsa sosai ya danganta ga tace shi a gida, maimakon fitar da shi ɗanye.