Wa Zai Biya Riɓi Ɗari? Sadaukarwa da Lada a Almajirancin Kirista

A sura ta 10 ta Bisharar Markus, wani mai dukiya ya juya ya tafi da baƙin ciki don an ce ya sayar da mallakarsa ya raba wa matalauta. Nan take Bitrus ya tuna wa Yesu cewa su kam sun bar komai sun bi shi. Matiyu, a sura ta 19, ya fito da abin da ke ran Bitrus fili: to su, mene ne rabonsu? Yesu bai tsawata masa ba. Ya ba shi amsa kashi biyu: rai madawwami a lahira, da riɓi ɗari na abin da mutum ya rasa, tun nan duniya.

Kashi na biyun ne ya daɗe yana ɗaure wa masu fassara kai. Wasu sun mayar da shi kwanciyar rai kawai, abin da ido ba ya gani. Wasu sun mayar da shi kuɗi. A ganina duka ɓangarorin sun kauce wa nassin. Riɓin nan dangi ne, mutane masu jini a jika, kuma ikkilisiya aka ɗora wa nauyin biyansa.

Masu fassarar kuɗi su ne muryarsu ta fi tashi a yau. Koyarwar shuka iri, wadda Oral Roberts ya yaɗa a Amurka har ya rubuta littafi a kanta a 1970, ta kafu a Nijeriya ta hannun masu wa'azi irin su Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998. Ƙa'idarta ba wuya: ka ba da baiko, Allah ya ninka maka. Sai dai Markus ya jera abin da za a mayar wa almajiri, wato gidaje da 'yan'uwa da uwaye da 'ya'ya da gonaki, sannan ya cusa tsanantawa a cikin jerin. Wane ɗan kasuwa ne ke lissafa duka da ɗauri a cikin ribarsa? Kuma ta yaya mutum zai sami uwaye ɗari, in ba ta hanyar shiga wata sabuwar zuriya ba? Matiyu ya ƙara rushe lissafin, domin daga amsar Bitrus sai ya kawo misalin 'yan ƙodago a garkar inabi, inda wanda ya wuni a rana da wanda ya yi aikin sa'a guda suka karɓi dinari ɗaya ɗaya. Ladan yana nan, amma ba a auna shi da mudun wahala.

Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidin Jamus, ya shahara da sukar alheri mai araha a littafinsa kan almajiranci na 1937, kuma an rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945. Mutuwarsa ta sa ana karanta shi a matsayin jarumi tilo, ana mantawa cewa shi ma a jama'ar masu bi ya ga cikar wannan alkawari. Daga 1935 zuwa 1937 ya zauna da ɗalibansa a makarantar horar da fastoci ta Finkenwalde, suna ci tare suna addu'a tare, har 'yan sandan ciki na Hitila suka rufe ta.

Tarihin ikkilisiyar farko ya nuna haka aka fahimci maganar. Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Barnaba da ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin, kuma rikicin farko da aka rubuta tsakanin masu bi a Urushalima kan rabon abincin gwauraye ne. Bulus, a ƙarshen wasiƙarsa ga Romawa, ya gai da mahaifiyar Rufus a matsayin uwa gare shi shi ma. Wajen shekara ta 197, Tertullian na Kartaj ya bayyana asusun da ake zuba wa gudummawa wata wata, don binne matalauta da ciyar da marayu da kula da waɗanda aka ɗaure saboda bangaskiya. A tsakiyar ƙarni na uku, Bishop Karniliyus ya rubuta cewa ikkilisiyar Roma na ɗauke da gwauraye da mabukata sama da 1,500. Har sarkin Roma Julian, wanda ya so farfaɗo da bautar gumaka, ya koka a 362 cewa Kiristoci na ciyar da matalautansu da na waɗansu.

A ƙasar Hausa maganar ba ta takarda ba ce. Inda aure da gado da gona da jana'iza duk suka rataya a wuyan dangi, wanda ya sauya addini, ta kowace fuska, yakan rasa fiye da wurin ibada. 'Yan mishan na CMS sun gamu da wannan a Zariya a zamanin Dakta Walter Miller. Lokacin da wasu daga cikin Isawa, wata ƙungiya mai girmama Annabi Isa, suka karɓi Kiristanci, ƙauye sukutum aka kafa musu a Gimi. Cutar barci ta yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya mishan ta tare a Wusasa a 1929.

Akwai suka mai nauyi a nan. Unguwar mishan takan raba mutum da mutanensa fiye da yadda bangaskiyarsa ta bukata, ta sa ya dogara da Bature, ta kuma ba mutane damar cewa don tuwo ya shiga. Gaskiya ne, hakan ya faru. Amma laifin yana ga yadda aka yi biyan, domin taimakon ya riƙa gangarowa daga mai gida zuwa bara. Ɗan'uwa kuwa ana ba shi, ana kuma roƙonsa, ana shawara da shi, ana ba shi 'ya aure. Wannan na ƙarshen ne ma'aunin da ikkilisiyoyi da yawa ke faɗuwa a kansa: ana tafa wa sabon tuba ranar da ya ba da shaida, ranar neman aure kuma a tambayi asalinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su ga riɓin da idonsu ba. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka sauka Legas a 1893 tare da Rowland Bingham, sun mutu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, ba tare da sun kafa ikkilisiya ko guda ba. Sau da yawa akan ce ikkilisiyar ECWA, wadda ta tsiro daga aikin da suka fara, ita ce ladansu. Wannan lissafin na baya ne. Su kansu kashi na farko na alkawarin kawai suka riƙe. Irin wannan misali bai kamata ya zama mafakar majami'ar da ke da hali ba. Wanda ya mutu a daji babu mai biyansa sai Allah, amma wanda aka kora daga gida ya zo ya zauna a benci na baya, masu biyansa suna zaune a gabansa. A yawancin majami'un Arewa, Zumuntar Mata ce ta fi ɗaukar wannan nauyi, da kwanon hatsi da zaman jinya da ɗakin kwana, yayin da majalisar dattawa ke muhawara kan kuɗin rufin sabon gini.