Daga Taure Zuwa Testosteron: Tarihin Wani Saƙo Da Jini Ke Ɗauka

Duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar dabbobi ta Jega ya san bambancin bunsuru da taure. Bunsuru yana da wari da faɗa da bin awaki. Taure kuwa, da aka yi masa fiɗiya, sai sanyin hali da ƙiba. Makiyayanmu sun daɗe da sanin cewa sirrin yana cikin maraina. Fadojinmu ma sun sani, domin Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya fara naɗa babanni a sarautu. Abin da ya rage shi ne yadda ɗan ƙaramin sashe yake juya jiki gaba ɗaya.

Amsar ta fara fitowa a 1849, a Jamus. Arnold Berthold ya fiɗiye zakaru, sai zankonsu ya ƙanƙance, suka daina cara. Waɗanda ya dasa wa maraina a cikin ciki kuwa suka girma zakaru sosai. Da ya buɗe su, ya tarar dashen ya haɗu da hanyoyin jini kaɗai. Ashe jini ne ɗan aiken.

A 1850 Franz Leydig ya bayyana ƙwayoyin halittar da daga baya aka gano su ke samar da sinadarin. A 1865 Enrico Sertoli ya bayyana waɗanda ke rainon ƙwayoyin maniyyi. Sai a 1935 Ernst Laqueur ya tace sinadarin daga marainan bijimai, aka sa masa suna testosteron.

Maraina ma umarni suke bi. Wani ƙululu a ƙasan ƙwaƙwalwa yana aiko da sinadarai biyu: LH yana sa ƙwayoyin Leydig su samar da testosteron, FSH kuma yana zaburar da na Sertoli. Idan testosteron ya yawaita a jini, ƙwaƙwalwa takan rage aiken.

A nan tarihin ya shafi gidajenmu. Namijin da ke yin allurar testosteron don neman ƙarfi yana ruɗar ƙwaƙwalwarsa ne: umarni ya tsaya, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai, alhali jikinsa yana nuna lafiya. Idan haihuwa ta yi jinkiri, matar aka saba tuhuma. Adalci shi ne a gwada su duka biyu.