Faston Kenya da Mutanen Jabarona: Aikin Samuel Kobia a Kan Sudan

Ga taƙaitaccen abin da muka kawo muku a filin tarihi na wannan mako, don waɗanda ba su samu kama shirin ba.

A yammacin birnin Omdurman, inda gari ya ƙare rairayi ya fara, akwai wani sansani da hukuma ta sa wa suna As-Salam, wato zaman lafiya. Mutanen da aka zube a wurin sai suka raɗa masa nasu sunan: Jabarona. Da Larabcin Sudan ma'anarsa "an tilasta mana". Shi da Wad al-Bashir a ɓangaren Omdurman, sai Mayo da Jabal Auliya a kudancin Khartum, su ne sansanoni huɗu da gwamnati ta ware a farkon shekarun 1990 don waɗanda yaƙi da yunwa suka koro daga Kudu da tsaunukan Nuba da yammacin ƙasar. Hukumomin agaji sun ƙiyasta cewa irin waɗannan mutane a kewayen babban birnin sun kusa miliyan biyu. Da su za mu auna aikin mutumin da muke magana a kansa yau, Rabaran Samuel Kobia.

Kobia ba ɗan Sudan ba ne. An haife shi a 1947 a yankin Meru na ƙasar Kenya, aka kuma naɗa shi fasto a cocin Methodist. Ya yi karatun addini a Limuru, ya ƙara a Shikago ta Amurka. Daga nan sai ya yi abin da ba kasafai fasto kan yi ba: ya shiga jami'ar MIT ya karanci tsara birane, ya gama a 1978, kuma abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne unguwannin kama-wuri-zauna na Nairobi. Daga 1978 zuwa 1984 yana Jeniba, a Majalisar Coci-coci ta Duniya, yana kula da sashen aikin talakawan birni da ƙauye. Ya koma gida ya riƙe sashen raya ƙasa na Majalisar Coci-cocin Kenya, a 1987 kuma ya zama babban sakatarenta.

To, wannan majalisa ta Kenya ba wa'azi ne babban aikinta ba. Ita ce ta kawo tsarin makarantun koyon sana'a na ƙauyuka tun shekarun 1960, tana kula da 'yan gudun hijira, tana aiki a unguwannin marasa galihu irin su Mathare. Amma a zamanin Kobia sai ta tsinci kanta gaba da gaba da Shugaba Daniel arap Moi. Ta ƙi amincewa da zaɓen layi, wanda mutum zai tsaya a bayan hoton ɗan takara kowa na kallonsa. Ta matsa a koma tsarin jam'iyyu da yawa, abin da ya tabbata a Disambar 1991. Da rikicin ƙabilanci ya ɓarke kafin zaɓen 1992, majalisar ta kai wa waɗanda aka ƙone wa gidaje abinci da barguna, ta kuma fitar da rahoto a kan yadda abin ya faru. Ka ga tun daga nan aka san salonsa. A wurinsa, wanda ya kai buhun masara sansani yana da haƙƙin ya tambayi wa ya koro mutanen daga gonakinsu.

Me ya kai faston Methodist cikin sha'anin Sudan? Ai cocinsa ma ba ya cikin manyan coci-cocin ƙasar. A Khartum da Omdurman za ka tarar da Katolika, da Angilikan, da Kibɗawa masu daɗaɗɗen tarihi, da Presbyterian, da kuma coci-coci biyu da masu sauraronmu na Jos da Kano za su gane asalinsu: wanda ya fito daga mishan ɗin SIM, da wanda ya fito daga SUM, ita SUM ɗin da ta fara aiki a Wase a 1904 kuma wani reshenta ya shiga tsaunukan Nuba. A ganina wannan rashin garke a ƙasar ya taimake shi. Ba shi da filin coci da zai kare a Omdurman, ba shi da ƙabila a Kudu.

Sannan akwai hanyar da wasu suka riga suka share. A 1972, lokacin da gwamnatin Ja'afar Numeiri ta zauna da 'yan tawayen Anyanya na Joseph Lagu a Addis Ababa, mutanen coci ne suka shiga tsakani. Canon Burgess Carr ɗan Laberiya ya jagoranci zaman, tare da shi akwai Kodwo Ankrah ɗan Ghana, wanda aikinsa na ainihi kula da 'yan gudun hijira ne. Yarjejeniyar ta riƙe shekara 11. A 1983 yaƙi ya dawo, John Garang ya kafa SPLA, Numeiri ya shimfiɗa dokokin Satumba.

Daga nan babban birni ya fara cika. Farin 1984 da 1985 ya kawo mutanen Kordofan da Darfur suka yada zango a Muwailih, yamma da Omdurman. Yunwar Bahr al-Ghazal ta 1988 ta kawo Dinka, wasu a kan rufin jirgin ƙasa. Ambaliyar Agustan shekarar ta narkar da bukkokin kwali da buhu da suka kafa. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 30 ga Yuni 1989, ministan gidaje na jihar Khartum, Sharafuddin Bannaga, ya ɗauko shirin sake tsara birni: katafila ta rushe, mota ta kwashe, a sauke mutane a fili babu ruwa babu inuwa. Abin lura a nan, shi ma da sunan tsara birni ya yi aikinsa, ilimin da Kobia ya karanta.

Wa ya riƙe waɗannan mutane? Akwai ƙungiyoyin Musulunci irin su Da'awa Islamiyya, waɗanda gwamnati ta fi buɗe wa ƙofa, akwai kuma na ƙasashen waje. A ɓangaren Kirista, Majalisar Coci-cocin Sudan tana da sashenta na agaji, Katolika suna da Sudanaid. Babban limamin Katolika na Khartum, Gabriel Zubeir Wako, ya buɗe makarantun rumfa a 1986, inda yaro zai samu karatu da abin karin kumallo. Rumfar nan ɗaya ita ce aji da safe, ɗakin shan magani da rana, coci ranar Lahadi, shi ya sa idan katafila ta bi ta kanta abu uku ne suka tafi. Mata da yawa ba su da sana'a sai dafa giyar aragi, kuma dokar kiyaye tarbiyya ta cika gidan yarin mata na Omdurman da su, wasu da goyo.

Kobia bai taɓa zama mai raba hatsi a Jabarona ba, wannan a faɗe shi. Nasa aikin a teburi yake. A Agustan 1991 SPLA ta dare biyu, Riek Machar da Lam Akol suka ɓalle daga Garang, kafin ƙarshen shekara aka yi kisan Bor. Coci-coci suka kira ɓangarorin zuwa Nairobi, Kobia na cikin waɗanda suka jagoranci zaman. Ba a haɗe ba. An ci gaba da kashe juna shekaru, sai a 1999 taron Wunlit, wanda coci-cocin Kudu suka shirya tsakanin sarakunan Dinka da Nuer, ya fara kashe wutar daga ƙasa.

Shi kuwa ya koma Jeniba a 1993. A Agustan 2003 aka zaɓe shi babban sakataren Majalisar Coci-coci ta Duniya, ɗan Afirka na farko a kujerar, ya kama aiki a Janairun 2004. Shekara guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2005, aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Nairobi. Garang ya shiga Khartum a Yuli, mutanen sansanoni suka yi dafifi suka tare shi. Bayan mako uku jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi, tarzomar da ta biyo baya a birnin ta ci rai fiye da ɗari.

Zamaninsa a Jeniba bai rasa tabo ba. A Fabrairun 2008 ta bayyana cewa digirin dakta da yake ɗauke da shi daga wata jami'a mai suna Fairfax a Amurka ya fito ne daga makarantar da ba ta da izinin ba da shi. Ya ce bai san haka ba. A watan ne kuma ya sanar cewa ba zai nemi wa'adi na biyu ba, ya ce dalilansa na ƙashin kai ne. Makonni kaɗan bayan haka ya jagoranci tawagar coci-coci zuwa Sudan, wadda ta rarrabu ta ziyarci Khartum da Darfur da Rumbek da Yambio, aka haɗu a Juba. A Darfur lokacin ƙungiyoyin agaji na coci-cocin duniya suna aiki tare da na Katolika, kuma kusan duk waɗanda suke ciyarwa Musulmi ne.

Da ya sauka a ƙarshen 2009, Majalisar Coci-cocin Afirka ta naɗa shi manzo na musamman kan Sudan a 2010. Aiki ɗaya ne a gabansa: kada a ɗage ƙuri'ar raba gardama. A Oktoban shekarar ya raka shugabannin coci na Sudan, cikinsu har da Bishop Paride Taban da Daniel Deng Bul na Angilikan, suka gana da Ban Ki-moon a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi ƙuri'a a Janairun 2011, kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa, ranar 9 ga Yuli aka ɗaga tuta a Juba. Idan da wannan za a auna shi, to ya ci nasara.

Amma fa mu koma Jabarona. Tun kafin ƙuri'a ministan yaɗa labarai Kamal Obeid ya ce idan Kudu ta ɓalle, ɗan Kudu a Arewa ko allura ba zai samu a asibiti ba. A Disambar 2010, a Gadarif, al-Bashir ya ce bayan rabuwa babu sauran maganar bambancin al'ada da ƙabila. Malaman cocin sun yi kashedi kan makomar 'yan Kudu mazauna Arewa, wannan gaskiya ne, sai dai ba a rabu da wata rubutacciyar kariya a hannu ba. A 2011 aka gyara dokar zama ɗan ƙasa: duk wanda ya cancanci zama ɗan Sudan ta Kudu ya rasa ta Sudan, ko ya nema ko bai nema ba. Saurayin da aka haifa a Wad al-Bashir, Larabcin Omdurman a bakinsa, bai taɓa ganin Malakal ba, ya wayi gari baƙo. Aka ba su wa'adin 8 ga Afrilu 2012. Dubbai suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kosti da gadajensu da tukwanensu, har sai da aka kwashe su ta jirgin sama. A watan nan ne aka ƙone harabar wani coci a unguwar Jiref ta Khartum, aka kuma rufe ofisoshin Sudanaid da na Majalisar Coci-coci a Nyala. A 2013 gwamnati ta ce ba za ta ƙara ba da izinin gina coci ba, wai masu ibadar sun tafi. Mutanen Nuba kuwa ba su da wata Kudu da za su tafi, yaƙi ma ya sake tashi a tsaunukansu tun Yunin 2011.

A nan nake ganin lissafin Kobia da abokan aikinsa ya gaza. Sun zuba ƙarfinsu wajen samar wa masu tafiya ƙofa, suka bar maganar masu zama a matsayin abin da za a gyara daga baya. Yarjejeniyar 'yancin zama da zirga-zirga da aiki da mallaka tsakanin ƙasashen biyu sai a Satumbar 2012 aka sa mata hannu, bayan wa'adi ya wuce da wata biyar.

Masu sauraronmu Hausawan Sudan ba sai an fassara musu wannan ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun ƙarshen 1897, alhali jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka iso gaɓar Shuɗin Nilu. Daga baya an sassauta dokar, amma tambayar "kai ɗan ina ne?" ba ta mutu ba. Ita ta fitar da Hausawa kan titi a Gadarif da Kassala a 2008, ita ce kuma a ƙarƙashin rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022. Da Bahaushe Musulmi a Mayo da Badinke Kirista a Mayo, takarda ɗaya aka tambaye su.

Kobia ya koma gida, ya zama mai ba Shugaba Uhuru Kenyatta shawara kan zaman lafiya, a 2019 kuma aka ba shi shugabancin hukumar haɗin kan ƙasa ta Kenya. A 2013 ya wallafa littafi kan rawar da coci-coci suka taka kafin 'yancin Kudu. A Disambar wannan shekara Salva Kiir da Riek Machar suka juya wa juna bindiga a Juba, da yawa daga waɗanda suka bar Omdurman suka sake dawowa cikinta, wannan karon da sunan 'yan gudun hijira daga wata ƙasa. Ranar 15 ga Afrilu 2023 soja da dakarun RSF suka fara faɗa a tsakiyar Khartum. Manyan ƙungiyoyin agaji suka koma Port Sudan, ciyarwa ta faɗa hannun matasan unguwanni da tukwanen takiyya. 'Yan Kudu kuwa suka sake ɗaure kaya suka bi hanyar Kosti zuwa kan iyaka a Joda, suka gangara Renk.