Digirin farko na falsafa a Nijar da maƙwabtanta: abin da ake buƙata daga ɗalibi

A jami'o'in Nijar, Kamaru, Chadi da Benin, digirin farko na falsafa shi ne lisans, wanda ake samu bayan shekara 3 ƙarƙashin tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta. Ƙungiyar UEMOA ta amince da wannan tsari a 2007 domin jami'o'in ƙasashenta. A Yamai, ana karanta falsafa a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni.

Sharaɗin shiga

Ƙofar shiga ita ce bakaloreya. Mafi yawan ɗalibai suna zuwa ne daga ajin adabi, rukunin A, inda falsafa take da babban nauyi a jarrabawar. Da Faransanci ake karantarwa, da shi kuma ake rubuta jarrabawa, don haka wanda rubutunsa bai nuna ba yakan sha wuya tun zangon farko.

Zango da kiredi

Lisans zango 6 ne. Kowane zango kiredi 30, jimilla 180. An tattara darussa rukuni-rukuni: akwai na tushe, waɗanda babu makawa sai an yi su, akwai na tallafi kamar Ingilishi, kwamfuta da dabarun bincike, sannan akwai na zaɓi. Ana cin rukuni da maki 10 cikin 20. Wanda ya faɗi yana da zagaye na biyu na jarrabawa. Kiredin da ɗalibi ya samu yana nan a ajiye, ba a sake masa.

Darussan tushe

Kashin bayan karatun shi ne tarihin falsafa. Ana farawa da Girkawa, su Aflatun da Aristotal, a bi ta tsakiyar zamani, inda ake haɗuwa da Ibn Sina, Al-Ghazali da Ibn Rushd, a gangaro kan Dekart, Kant da Hegel. Tare da shi akwai manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja; metafizik, mai tambaya kan samuwa da asalinta; nazarin sani da hanyoyin kimiyya; sai falsafar ɗa'a da ta siyasa.

Falsafar Afirka ma darasi ce mai zaman kanta. Muhawararta ta taso ne daga littafin Placide Tempels kan falsafar Bantu na 1945. Marcien Towa na Kamaru da Paulin Hountondji na Benin sun soki wannan hanya, suna ganin tattara al'adu da karin magana bai isa a kira shi falsafa ba, sai an sa su a ma'aunin hujja. Ɗalibi Bahaushe yana da rabo a wannan tambaya: shin tunanin da ke cikin kalmomi irin su kirki, mutunci da kunya falsafa ne, ko kuwa kayan aikinta?

Yadda ake gwada ɗalibi

Atisaye biyu ne suke raba gardama. Na farko shi ne disertasiyo, rubutun da ake fito da matsalar da ke cikin tambaya, a kawo hujja da kishiyarta, a yanke hukunci. Na biyu shi ne sharhin nassi, inda ake bin tunanin marubuci daki-daki. Hadda kaɗai ba ta kai ɗalibi ko'ina a nan.

Ƙetare iyaka da takardar

Majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai hedkwata a Wagadugu, ita ke kula da amincewa da takardun shaida tsakanin ƙasashe mambobinta. A Najeriya kuwa digirin falsafa shekara 4 ne, ana shiga ta jarrabawar JAMB, kuma takardar waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance ta. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan bankaɗo cinikin takardun bogi. Saboda haka, kafin biyan kuɗin rajista, wajibi ne a tabbatar ƙasar da za a yi aiki ta san da jami'ar.

Bayan lisans

Hanya mafi kusa ita ce koyarwa a lise, galibi bayan horo a babbar makarantar horar da malamai. Wasu kan ci gaba zuwa masta na shekara 2, wasu su shiga aikin jarida ko jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati.