Duwatsun Riruwai, Dajin Falgore da Tafkin Tiga: Yawon kaka a kudancin Kano

Akasarin ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, to amma da zarar matafiyi ya bar hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora cikin ƙaramar hukumar Kiru, ya nufi Tudun Wada da Doguwa, sai ƙasa ta fara tashi, itatuwa su yi kauri, duwatsu su bayyana.

A wannan yanki ne jihar take da duwatsunta mafiya tsawo, da dajinta mafi girma, da kuma tafkinta mafi faɗi. Lokacin kaka, wato daga watan Oktoba zuwa Nuwamba, shi ne ya fi dacewa da mai son zaga su da ƙafa.

Me ya sa kaka?

Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma damina tana daɗewa a can kafin ta ɗauke.

Idan ruwa ya janye, hanyoyi sukan bushe su biyu, alhali ƙoramu ba su ƙafe ba, kuma ruwan da ke zubowa daga kan duwatsu yana nan da sauran ƙarfinsa. Yawancin mafaɗan ruwan yankin na damina ne, saboda haka wanda ya je da bazara busasshen dutse kawai zai tarar.

Lokacin kuwa gajere ne. Daga ƙarshen Nuwamba hunturu kan shigo da hazo ya rufe nesa, sannan a shiga ƙonan daji.

Duwatsun Riruwai

Garin Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, yana zaune ne a tsakiyar duwatsun da wasunsu suka haura mita 1,000 daga bakin teku. Birnin Kano kuwa bai kai mita 500 ba.

Masana ilmin ƙasa sun ce duwatsun saura ne na wani dutse mai aman wuta da ya mutu shekaru fiye da miliyan 150 da suka wuce, shi ya sa suke jere a zobe. Danginsu ɗaya da duwatsun Jos, kuma kamar su, suna ɗauke da kuza.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke haƙar kuza suna narka shi, suna zuba shi sirara kamar tsinke, fatake na kai shi kasuwanni. Irin wannan kuza na daga cikin abin da ya ja hankalin 'yan kasuwar Ingila zuwa tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20.

Daga baya an haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa domin kuza da tutiya, amma aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya. Tsofaffin ramukan haƙa suna nan, wasu cike da ruwa, don haka mai hawa yana bukatar ɗan gari ya yi masa ja-gora.

Dajin Falgore

Dajin yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa.

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan bayan ƙirƙiro jihar Kano a shekarar 1967 aka mayar da shi gandun namun daji.

Ana samun doka da maɗaci da kirya da kaɗanya da ɗorawa a cikinsa. A da ya yi suna da ɓauna da gwanki, sai dai farauta da kiwo da saran itace sun rage manyan dabbobin ƙwarai. Abin da mai yawo ya fi gani yanzu shi ne birai da tsuntsaye.

A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Falgore cikin dazuzzuka goma da ta amince a ɗaga darajarsu zuwa gandun daji na ƙasa.

Tafkin Tiga

Tafkunan da ake zuwa gani a tsaunukan Turai, irin na ƙasar Suwizalan, ƙanƙara ce ta ƙwaƙule gurbinsu. Na Tiga kuwa aikin ɗan Adam ne.

An gina madatsar ruwan a kan Kogin Kano, a ƙaramar hukumar Bebeji, daga shekarar 1971 zuwa 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. An gina ta ne domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu.

Da kaka ne tafkin yake cika maƙil, ruwa ya kewaye duwatsun da ke gefensa, masunta su baza komai.

Da wannan ruwa ake noman rani na shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure. Daga nan kogin ya haɗu da na Challawa su zama Kogin Haɗejia, wanda ke shayar da fadamun Haɗejia da Nguru.

Nan ne muhimmancin dajin yake. Kogin Kano yana ratsa Falgore kafin ya isa Tiga, kuma itatuwan ne ke riƙe ƙasa. Idan aka sare su, ruwan sama zai kwashi yashi da laka ya zuba a madatsar, ta riƙa cikewa. Ke nan buhun gawayin da aka ƙona a Doguwa yana shafar manomin da ke Kura.

Batun tsaro

Shekaru da dama dajin Falgore ya zama maɓoyar 'yan fashi da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har matafiya suka riƙa gudun bin hanyar da dare.

A shekarar 2017 rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta bayyana mayar da wani sashe na dajin filin horar da dakarunta.

Saboda haka ba daji ne da ake faɗa wa kai tsaye ba. Mai niyya ya fara neman izinin ma'aikatan gandun daji, ya sanar da jami'an tsaro da dagacin yankin, a tafi cikin ayari, a kuma fito kafin la'asar sakaliya.

Abin da ya kamata a kiyaye

Da kaka ciyawa tana da tsawo, kuma lokaci ne da saran maciji yake yawaita a karkara, don haka takalmi mai rufe idon sawu ya zama dole.

Dutsen da ruwa ke bi a kansa yana da santsi saboda gansakuka. Wanka a ruwan da ke kwance kuma yana iya jawo cutar tsargiya.

Har ila yau lokacin girbi ne, amfanin gona yana tsaye. Baƙo ya bi turba, kada ya ratsa gonar mutane, kada kuma ya bar wuta a bayansa, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekara guda.