Tambarin manja da mai biyan kuɗin duba

Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, kuma daga zuriyarsu manyan gonakin Asiya suka taso. A shekarun 1960 Malesiya ta sha gaban Najeriya wajen fitar da manja. Yau ita da Indunusiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya, akasari a filayen da dā kurmi ne. Ba jan manjan miyarmu nake nufi ba. Wannan tatacce ne, shi ke cikin sabulu da biskit da taliyar leda.

Gobarar dajin da ta tashi a Indunusiya a 1997 ta turnuƙe Singafo da hayaƙi, masu saye a Turai suka fara tambayar inda man ya fito. A 2004 ƙungiyar kare muhalli ta WWF da kamfanin Unilever da masu gonakin Malesiya da wasu suka kafa ƙungiyar RSPO, wadda daga baya ta ƙirƙiro tambarin da ke shaida cewa an noma manja ba tare da ɓarna ba. Kayan farko mai wannan shaida ya sauka Rotterdam a 2008.

Sai dai tambarin hawa-hawa ne. Akwai man da ake keɓewa tun daga gona har masana'anta. Akwai wanda ake zuba mai shaida da marar shaida a tanki ɗaya, a takarda kawai ake raba lissafi. Akwai ma inda kamfani ke sayen takardar shaidar kurum, mansa kuwa daga ko'ina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu dubawa. Mai gona ne ke zaɓar wanda zai duba shi, shi ne kuma ke biyansa, tamkar ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin mai gwada mudunsa. A 2016 RSPO ta dakatar da kamfanin IOI na Malesiya saboda share daji a yankin Kalimantan na Indunusiya. Kafin shekarar ta ƙare an mayar da shi. Sai a 2018 ƙa'idojin suka haramta dasa sabuwar gona a ƙasar fadama mai tarin ruɓaɓɓen itace, komai zurfinta.

Bayan shekara ashirin, kusan kashi ɗaya cikin biyar na manjan duniya ne ke da shaidar. Ƙaramin manomi kuwa, kuɗin duba kaɗai ya fi ƙarfinsa, sai ya shiga ƙungiya.